Mun Kai Wa Yaya Bunnam Furen Makokinta

Ranar da na ji labarin mutuwar Yaya Bunnam, da safiyar nan mun yi waya da ita. To bari in faɗi yadda aka yi tun daga tushe, don na gaji da maimaita wa mutanen ofis suna duban agogo. Sunana Dalmak, shekarata saba'in da shida. Karatun da na sani na ajin yamma ne, wanda muka shiga ni da ita bayan mun yi furfura. Wanda ya ga rubutuna ya karkace, ya karkata kansa ya karanta. Maganar dai a miƙe take.

A Solmaru muke zaune, unguwar tsofaffi, gida arba'in da biyu a gindin dutse, kowane da ɗan tsakar gidansa. Ƙa'idar wurin, ba mai zama sai wanda ya haura sittin. Danga ɗaya ce tsakanina da Yaya Bunnam, da 'yar ƙofa a jiki wadda ba mu taɓa yi wa sakata ba. Ta girme ni da shekara biyar, amma in muka hau dutse tsinkar ganye, ita ke jirana a sama tana cewa, "Ke Dalmak, kin haɗiye turmi ne?"

Shekara ta biyu ta korona, bayan bikin sabuwar shekara, a ranar da kalandarmu ta gargajiya ke kira ranar doki, kamar yadda kowace mace mai hankali take yi, muka zuba daddawarta, irin tamu ta randa. Muka wanke curin waken suya, muka dama ruwan gishiri har ƙwai ya taso, muka jefa gawayi da busasshen barkono da magarya, muka ɗaure wa randunan igiyar karan shinkafa. Randa shida manya, sai ƙarama ta bakwai a lungu, uwar randa. Baƙin ruwan daddawar da ke cikinta daga surukarta ta gada, ita ma daga tata surukar. Kowace shekara a ɗebi ludayi guda a zuba wa sabon ruwa, a mayar mata da nata. Shekarar da na tare a unguwar ta san mini ludayi ɗaya, ta ce, "Kar ki saba."

Daddawa kuwa kamar jariri take. Rana ta fito ka buɗe ta, hadari ya taso ka rufe. Kwana hamsin ya cika ka raba ruwa da curi. Ka yi sake, aikin shekara ya tafi.

Kwana biyu da gamawa sai ga ɗanta Gyutae da mota, takunkumi biyu a fuska.

"Mama, an samu mai korona a ƙauyen ƙetaren gada. Taso mu tafi gidana a birnin Incheon. Sati biyu kacal."

"Randunan fa?"

"Ga Inna Dalmak nan. Ai randa ba ta gudu."

Na ce, "Kai ma da ba a buɗe ka an rufe ka a kan lokaci ba, da tuni ka ruɓe."

Ya yi dariya ya rusuna. Gyutae akwai ladabi, wannan ba na hana shi. Da ladabin ya ce ta ɗauko hatiminta, wanda a wurinmu shi ne sa hannun mutum, wai za a yi rajistar rigakafin tsofaffi. Ta ɗauko ta ba shi. Ta shiga mota da jaka ɗaya da takalmin unguwa, ta bar na lambu a bakin ƙofa, hancinsu na kallon waje.

Kwana uku ina shiga ina buɗewa ina rufewa. Rana ta huɗu na tura 'yar ƙofa, na ji ta ƙi. Kwaɗo, sabo fil, daga ɓangarensu. Na leƙa ta saman danga, sai ga kwalin abincin gwamnati a bakin ƙofa, irin wanda ake kai wa waɗanda aka killace. Ga kuma wata yarinya a tagar Yaya Bunnam, gashinta ja kamar an tsoma a miyar barkono, kunne toshe da waya.

Na nufi ofishin unguwa. Manaja Pyon yana bayan gilashi yana fesa wa biro magani.

"Wace ce a gidan Yaya Bunnam?"

"Iya, ja baya kaɗan, ga layi nan a ƙasa. Baƙuwa ce, daga waje ta dawo, za ta yi kwana goma sha huɗunta."

"Ta haura sittin?"

"Ai ba zama ta zo ba, killacewa ce."

"Ka rufe mana zauren taruwa. Ka hana jikokinmu shigowa. 'Yata ta zo daga Daegu, ta cikin ƙarfen ƙofa ta miƙo mini lemo kamar ina gidan yari. Sannan wanda ya sauko daga jirgi jiya ka shimfiɗa masa tabarma a tsakiyarmu?"

"Iya, ni takarda nake bi. Ga ta nan, mai gida ta miƙa wa ɗanta gidan, ga hatiminta. Kuma ba fita suke yi ba, gwamnati na kallonsu ta waya."

"To gwamnatin za ta rufe randa in hadari ya taso?"

Ya ce in na kuskura na taka tsakar gidan, ni ma sati biyu za a kulle ni, kuma a ci ni tara. Ya faɗa yana murmushi, don idonsa ya nuna.

Na kira Yaya Bunnam a fusace. Sai ta tarye ni da dariya.

"Na sani, na sani. 'Yar abokinsa ce. Kin san an rufe masa wurin motsa jikin nan nasa wata da watanni, yaron har ya rame. Sati biyu ne. Ke, nan fa daɗi! Hawa na goma sha bakwai, motoci kamar tururuwa. Masai ma da ka tashi shi ke kora kansa, ranar farko na ce masa sannu."

Uwa ta yarda, ni wace ce?

Amma randa ba ta san yarda ba. Yarinyar nan ta fito da ƙaramin kofi, ta buɗe uwar randa, ta ɗiba, ta ɗauki hoto, ta shige ta bar murfi a ƙasa. Na yi ihu har muryata ta dushe. Ta ɗago hannu ta yi mini bai-bai, ta zaci gaishe ta nake. Da yamma ruwa ya sauko. Na ɗauko robar wanki na wurga ta saman danga ko za ta faɗa a kan bakin randar. Ta faɗa a kan albasa. Na wurga faifan tukunya, ya bugi bango. Na tsaya a cikin ruwa ina kallon sama tana yi wa ruwan shekara ɗari fitsari.

Sati biyu suka cika, mai jan gashi ta tafi. Na share ƙofar gidana ina jiran mota. Motar ta zo, amma wani mai kwat ne ya fito da akwati. Shi wannan bai bar murfi a buɗe ba, mutumin kirki. Robobin ruwa ya wanke, ya yi ta ɗura musu daga uwar randa yana jerawa a inuwa.

"Kai! Na ubanka ne?"

"Kaka, an rubuta a talla, a ci yadda ake so, kyauta ne."

Na kira Gyutae.

"Inna, ki yi haƙuri. Alƙaluman masu cutar sun ƙaru, ba ki ga labarai ba? In na dawo da ita wani abu ya same ta, ke za ki fara zagina. Gidan kuma ya zauna haka nan, sanyi ya ci shi? Gara mutum a ciki."

"Mai gidan ba mutum ba ce?"

"Sati biyu kawai, Inna."

Sati biyun Gyutae irin na roba ne, ja shi kawai ake yi.

Kullum bayan karin kumallo nake kiran Yaya Bunnam, kuma a wayar na riƙa jin tana raguwa. Labarin masai ya ƙare. Na tambaye ta ko tana sauka ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ce a'a, Hyeran matar Gyutae ta ce lif, na'urar hawa benen, cike yake da numfashin mutane, tsoho ba ya shiga. Na ce to ki yi yawo a falo. Ta ce jikarta na karatu ta kwamfuta a falo, Hyeran na aikin ofis a ɗakin da aka fara sauke ta, don haka an mayar da ita ɗakin rataye kaya.

"Da taga?"

"Akwai fitila mai kyau."

"Na ce da taga?"

"Ke dai kin cika tambaya. Ɗumi gare shi."

Ta so ta dafa musu miyar daddawa rana ɗaya, aka ce warin na kama labule. Ta so ta wanke kwanoni, aka ce inji na yi. Ta so ta ninke wanki, aka ce ba haka ake ninke tawul ba yanzu. Matar da ba ta taɓa zama rana na sama ba, aka ce mata, "Mama, ke dai ki huta." Da hutu suka kashe mata ƙafafu, ba da duka ba. Shi ya sa in na faɗa a ofis ba sa ganin laifin.

Sati na biyar ta ce mini, "Daga shimfiɗata zuwa bayi taku tara ne. Jiya sai da na huta a na biyar."

Sati na shida ta tambaye ni yau wace rana. Na faɗa mata. Can anjima ta sake tambaya. Amma abu ɗaya bai ɓace mata ba. "Saura kwana takwas a raba, Dalmak. Gyutae ya ce zai kawo ni."

Washegari Hyeran ce ta ɗauka. "Inna, Mama na barci. Ta ɗan zame a bayi, amma ba komai, mun saya mata abin ɗaurawa na manya, ba sai ta riƙa wahalar tashi ba."

"Ku sauko da ita ta taka ƙasa, 'yar nan! Ƙasa take nema!"

"Inna, mu fa kare ta muke yi. Wasu ma gidan jinya suke kai nasu."

Ta kashe. Wato in gode musu.

Baƙo na uku wani ƙato ne mai suna Dongman, mai walda, ya kai hamsin da ɗoriya, ya shekara uku a Kuwait. Shi kaɗai ne a cikinsu ya fito ranar farko ya tsaya nesa da danga ya rusuna mini. Na ce a raina, wannan ya sha nonon uwa.

Ranar kwana hamsin na kira da sassafe, na ci sa'a ita ta ɗauka. Muryarta kamar daga cikin rijiya. Ta ce Gyutae ya ce motar na gareji. Ta ce, "Ki san yadda za ki yi. Kuma kar ki cika gishiri, na san hannunki."

Na ɗauko kujera na hau, na dafa danga.

"Kai mai walda! Fito! Ka iya wanke hannu?"

"Na iya, Inna."

"Wanke har gwiwar hannu, ka shanya su bushe ƙarau. Ɗigon ruwa ɗaya ya shiga randar nan, zan tsallako, su kulle mu tare, ka ga bala'i."

Haka muka wuni, ni a kan kujera, shi a tsugune. Ya tsame gawayi da barkono. Ya ciro curi, na farko ya ruguje a hannunsa.

"A hankali! Ƙarfe ne? Ɗauke shi kamar kana ɗaukar jaririn mutane!"

"Inna, ni ko nawa ban taɓa ɗauka ba, ina can."

"Ya nuna. Murtsuke. Da tafin hannu, ba da yatsa ba. Ka taɓa cuɗa wa uwarka baya? To haka."

Ya tace ruwan da ƙyalle, ya danna curin a randa, ya barbaɗa gishiri. Zufa ta jiƙa masa riga, amma sai washe baki yake, wai shekara uku yana mafarkin wannan warin. Da muka zo kan uwar randa ya leƙa ciki. Ya karkato mini ita. Ɗan abin da mai kwat ya rage a gindi ya yi funfuna, tsutsa na iyo a ciki.

Ya ajiye ta a hankali ya ce, "Allah ya ji ƙan mai randunan nan. Da gani mace ce mai tsafta."

"Ya ji ƙan wa?"

"Marigayiyar. Ai tun da na zo nake ajiye mata ruwa da 'yar shinkafa a gaban hotonta. Mutum na kwana a ɗakin mamaci, ga rigunanta a rataye, gara a yi zaman lafiya."

Saura kaɗan in faɗo daga kujera. Ya matso da wayarsa iya inda doka ta yarda, ya ƙara girman rubutun tallan gidan. Na bi harafi ɗaya-ɗaya, yadda aka koya mana. Gidan marigayiya mahaifiyata, mun bar komai yadda ta bari, har randunanta. Ya ce da ya tambaya, ɗan ya ce masa bara da kaka ta rasu. Ya ce kuma shi da ƙyar ya samu gurbi, an kama gidan har bayan damina.

Na ce, "Marigayiyar nan ɗazu ta ce kar in cika gishiri."

Ƙaton nan ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce, "To shinkafar da nake ajiyewa fa?"

"Cinye abarka."

Ban sauko daga kujerar ba na kira Gyutae.

"Ashe an yi rashi, ba ka faɗa mana ba?"

Ya yi 'yar dariya. "Inna, maganar talla ce kawai. Me kike so in rubuta? Mutum ya shigo ya ga kayan tsohuwa ko'ina, dole ya tambaya tana ina. In na ce tana raye sai su ji nauyi, su fasa. Wa abin ya cutar? Mama na nan, tana ci tana sha, a ɗaki mai ɗumi. Gidan nan kuma, a ƙarshe dai ai..."

"Ƙarasa."

"Ba abin da nake nufi ba ke nan."

"Ƙarasa mana, magaji."

Ya ce ana kiransa a wani layin.

Da yake zaure a rufe yake, ta saman danga labarin ya bi, gida zuwa gida, kafin la'asar ya zagaye arba'in da biyu. Kowace tsohuwa ta tuna a ina nata hatimin yake. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na ce mu je mu ɗauko ta. Aka ce doka ta hana mutum biyar taruwa, kuma Hyeran ba za ta buɗe wa baƙi ƙofa ba. Sai Malama Yun, wadda ta koyar a firamare shekara talatin kuma take karanta duk takardar da gwamnati ta liƙa, ta gyara tabarau ta ce, "Ziyara ce aka hana. Zaman makoki an yarda har mutum ɗari ba ɗaya."

Muka dubi juna.

Na ce, "Ai kuwa bashin gaisuwa na kanmu. An yi rasuwa tun bara ba mu je ba, abin kunya."

Bayan kwana biyu, da safe, mu goma sha ɗaya muka hau bas, baƙaƙen kaya, baƙin takunkumi, kowace da farar ambulan ta kuɗin gaisuwar makoki a jaka. Malama Yun ta yi odar furen makoki ta waya, mai hawa uku, wanda ya fi mutum tsayi, ta sa aka rubuta cikakken sunan Yaya, Pyo Bunnam, a jikin ƙyallen da manyan baƙaƙe. Muka tarar da mai kawowa a ƙofar benen. Maigadi ya ga fure, ya ga baƙaƙen kaya, ya cire hula ya buɗe mana da kansa.

"Hawa na goma sha bakwai? Wayyo, ban ji ba. Ni ban ma san akwai tsohuwa a gidan ba."

Wata biyu tana gidan. Ku riƙe wannan.

Sau uku lif ya yi jigilarmu, furen sai da aka kwantar da shi. Muka jeru, na danna ƙararrawa. Hyeran ta buɗe da kwamfuta a hannu. Kafin ta buɗe baki muka ɗauki kuka, irin na da, wanda ake ja daga ciki. "Wayyo! Wayyo Yaya!" Mu da muka binne mazaje da iyaye, ba a koya mana. Ƙofofin maƙwabta suka fara buɗewa. Wata mata ta fito da cokali a hannu tana tambaya yaushe aka yi.

Gyutae ya fito da gajeren wando. Muka rusuna masa gaba ɗaya, muka miƙa ambulan da hannu biyu.

"Sannu da rashi, ɗan nan. Ka yi haƙuri mun makara, a talla muka gani."

"Inna, don Allah, don Allah ku shigo ciki, mutane na kallo."

"A'a, doka ta hana shiga gidan mutane. Nan ma ya isa. Wayyo!"

Sai muka ji wani abu na jan ƙasa. Wata ƙofa ta buɗe a ƙarshen falo, ga riguna a rataye, ga Yaya Bunnam tana fitowa daga ƙarƙashinsu, hannu ɗaya a bango, ɗaya a kan kujerar roba tana turawa. Kukan ƙarya ya tsaya, na gaske ya taso. Ta yi fari kamar tsiron wake da aka rufe da kwando. Ƙafafun da ke jirana a kan dutse sun zama kara biyu.

"Wa ya mutu?" ta ce. "Dalmak, ke ce? Wa ya mutu?"

Ta ƙaraso bakin ƙofa, ta ɗaga kai ta dubi ƙyallen. Na ga leɓenta na motsi, yatsa na bin iska, kamar a aji.

"Pyo. Bun. Nam." Ta sake bi. "Wannan ai ni ce."

"Mama, ba haka ba ne, bari in yi miki bayani."

"Yaushe na mutu, Gyutae?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce, "Bara da kaka, in ji shi. Kuma an ba da gidanki haya har bayan damina."

Ta daɗe tana dubansa.

"To ai da ka faɗa mini," ta ce, "da na daina cin shinkafarku."

Hyeran ta fara, "Mama, mu fa saboda lafiyarki..."

"Ɗauko mini hatimina. Da takalmina."

Ya ɗauko. Ta jefa hatimin a cikin riga, ta juyo gare mu ta miƙa hannu. "Ku kawo ambulan ɗin, ai nawa ne. Ba kowa ke samun karɓa da hannunsa ba." Sannan ta kama kafaɗata ta yi ƙasa da murya. "Kin raba?"

"An raba."

"Gishiri fa?"

"Daidai."

"Ƙarya kike."

Mu muka sauko da ita, biyu a dama biyu a hagu. Furen muka bar masa a bakin ƙofa, ya san yadda zai yi da shi.

Kwana biyu ta yi a gidana kafin mai walda ya cika nasa. Ranar da aka sallame shi ya wanke gidan tas, ya fasa kwaɗon da guduma ɗaya, ya goya ta a baya ya kai ta gaban randuna. Ta buɗe shida, ta lakata, ta ce ba laifi, hannun namiji ne. Ta buɗe ta bakwai. An wanke ta, ba komai sai ƙamshi. Ta sa kai a ciki ta daɗe. Ni kuwa na tafi lungun gidana na ɗebo ludayi guda daga tawa, 'yar tata, na kawo ina tare shi da tafin hannu.

Na ce, "Ungo. Kar ki saba."

Gida ya dawo, tallan ya sauka, Manaja Pyon ya ce shi dama tun farko abin bai kwanta masa ba. Amma ƙafa ba ta dawo ba. Likita ya ce wata biyu a zaune ga mai shekara tamanin da ɗaya ba wasa ba ne. Yanzu daga ƙofarta zuwa randa taku goma sha huɗu ne, da keken turawa, kuma tana hutawa sau biyu. Takalmin lambu na nan inda ta bar shi. Ni kaɗai nake hawa dutse, ba mai zagina a sama.

Na je ofishin gunduma sau uku. Sun ba ni shayi. Sun ce bai doke ta ba, bai hana ta abinci ba, hatimi kuma da hannunta ta bayar. Sun ce maganar cikin gida ce, sai in ita ta kawo ƙara. Na faɗa mata, ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron na cikin matsi ne."

To ni ba hannuna ba ne. Shi ya sa na zauna na rubuta, in ofis ba shi da layin da zai sa wannan laifin, a buɗe masa. Annoba ta zo, an ce a kare tsofaffi, mun ji mun gode. Amma wanda ya kulle ka don kar ka mutu, sannan ya zagaya ya ci gadonka, bai jira cutar ba, riga ta ya yi. Ku da kuke da uwa, in kun ce mata ta huta, ku duba ko ita ce ta gaji ko ku ne. Ku kuma 'yan'uwana tsofaffi, hatimi a cikin riga.

Da kaka daddawa ta nuna. Ta kira ni ta saman danga, na tarar ta cika roba babba, ta naɗe da ƙyalle, ta ɗaure.

"Kai mini gidan waya. Gyutae ba ya iya cin ta kanti, tun yana yaro."

Na ce ba zan kai ba. Ta ce to za ta tura kekenta ta je da kanta, ko ta kwana a hanya. Na san za ta aikata. Na ɗauka ina zage-zage har bakin titi.

A gidan waya yarinyar ta ba ni takarda, ta nuna inda ake sa sunan mai aikawa, ta ce ko ta rubuta mini. Na ce bar shi, na yi makaranta. Na danna biro sosai, harafi ɗaya-ɗaya, don kar ya ce bai gane ba.

Daga marigayiya mahaifiyarka.